Gobara a otal da zauren biki: me ya sa jar tukunyar da ke bango ba ta hana asarar rayuka?

Duk sanda aka ce gobara ta tashi a otal, ko gidan saukar baƙi, ko zauren biki, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce: to ba su da tukunyar kashe gobara ne? Sau da yawa akwai ta. Tana nan rataye a bango, ja jawur, wani lokaci har da takardar shaidar hukuma a manne kusa da teburin karɓar baƙi. To idan akwai ta, me ya sa ake fito da gawawwaki?

Tambayar ta sake tasowa da ƙarfi bayan abin da ya faru a Turkiyya ranar 21 ga Janairu 2025. Wajen ƙarfe 3 da rabi na dare wuta ta tashi a sashen abinci na otal ɗin Grand Kartal mai hawa 12, a wurin shaƙatawa na Kartalkaya da ke lardin Bolu. Lokacin hutun makarantu ne, otal ɗin cike da iyalai. Mutum 78 suka rasu, da yawansu yara. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawa ba, wasu sun ƙulla zannuwan gado suka sauko ta taga, wasu suka diro. Otal ne na masu hali da ake biyan kuɗi mai tsoka a kwana a cikinsa. Abin da ya rasa a daren shi ne ya kamata duk mai otal a Kano ko Abuja ko Maraɗi ya tambayi kansa ko yana da shi: hanyar da za a tashi mai barci da wuri, da hanyar da zai bi ya fita kafin hayaƙi ya riga shi.

Abin da ya bambanta otal da gida ko kasuwa

Gobarar kasuwa takan cinye dukiya mai yawa, amma da yake galibi cikin dare take tashi bayan an kulle rumfuna, asarar rai takan zo da sauƙi. A otal kuwa, lokacin da ginin ya fi cika shi ne lokacin da kowa ke barci. Baƙon da ke ɗaki na 214 ya iso ƙarfe 10 na dare a gajiye, ya hau ta hanya ɗaya, bai san ko akwai wata matakalar ba. Ƙofarsa a kulle, labule a sake, na'urar sanyaya ɗaki tana ruri. Ma'aikatan da ke farke a lokacin ba su wuce mai karɓar baƙi ɗaya da maigadi ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙaurin hayaƙi zai tashe su. Hancin mai barci ba abin dogaro ba ne, kuma iskar gubar da ke cikin hayaƙin ƙara nauyin barcin take yi.

Hayaƙi da mintunan farko

Wuta tana buƙatar abu uku: abin da za ta ci, zafi, da iska. Ɗakin otal na yau ya tara na farkon da yawa. Katifar soso, kujerar kushin, labulen roba, kafet, silin roba, duk daga man fetur aka samo asalinsu, kuma suna ci da sauri fiye da katako da auduga. Idan wuta ta kama, hayaƙi mai zafi yana taruwa a saman ɗaki yana saukowa. Da zarar zafinsa ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas, komai na ɗakin yakan kama a lokaci guda, har abin da harshen wuta bai taɓa ba. A ɗaki mai irin waɗannan kaya hakan na iya faruwa cikin minti 3 zuwa 5.

Tun kafin nan hayaƙin ya fita baranda. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Soson katifa yana fitar da gubar sayanaid, silin roba da rigar wayar lantarki suna fitar da iska mai yaji da ke rufe ido ta ƙone maƙogwaro. Mutum yakan rikice, ƙafa ta yi nauyi, ya faɗi a barandar da ya bi lafiya awa biyu da suka wuce.

Gobarar otal ɗin MGM Grand a birnin Las Begas na Amurka, ranar 21 ga Nuwamba 1980, ita ce aka fi koyarwa a kan wannan. Matsalar wayar lantarki ce ta tayar da ita a wani gidan abinci da ke ƙasan ginin. Mutum 85 suka rasu, kuma mafi yawansu a benaye na can sama suka mutu, inda harshen wuta bai taɓa kaiwa ba. Hayaƙi ne ya bi ramin lif, da matakalai, da bututun iska ya same su. Duk tukwanen kashe gobarar da ke waɗannan benaye ba su da abin da za su kashe.

Kicin: mai, bututu da gas

A duk inda ake ciyar da jama'a, kicin ne wurin da aka fi sa wa ido, kuma haɗarinsa kashi uku ne.

Na farko man suya. Idan aka bar shi a kan wuta ya haura digiri 300, yana iya kamawa da kansa ba tare da ashana ba. Alamar da ke zuwa kafin nan ita ce hayaƙi mai kauri da ke tashi daga kaskon. Kuskuren da ya fi illata masu girki shi ne watsa ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasan kaskon, nan take ya koma tururi, kuma tururi yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga gare shi. Kofi ɗaya ya isa ya watsa mai mai ci da wuta har silin da fuskar wanda ya zuba. Abin da ake yi shi ne a kashe gas, a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko bargon kashe wuta, a bar shi a rufe aƙalla rabin awa, kada a ɗaga shi, kada a ɗauke shi a nufi waje da shi. Babban kaskon suya kuwa yana da tukunyarsa ta musamman, mai ruwan sinadari da ke haɗuwa da man ya zama kumfa irin ta sabulu ya rufe samansa. Ana yi mata alamar F, a Amurka K. Tukunyar hoda da aka saba gani tana iya kashe harshen na ɗan lokaci, amma ba ta sanyaya man, sai ya sake kamawa.

Na biyu shi ne wanda ba a gani. Rumfar ƙarfen da ke saman murhu da bututun da ke zuƙe hayaƙi suna tara maiƙo kullum. Ka sa yatsa a cikin bututun kicin ɗin da ya shekara ba a wanke ba, za ka ji abu mai danƙo, baƙi, mai kaurin kwali. Rana ɗaya harshen wuta ya ɗan yi sama daga kasko, maiƙon ya kama, fankar da ke zuƙar iska ta hura shi, wutar ta bi bututun ta cikin silin ko bango ta ɓulla a wani hawa. Ana wanke rariyar ƙarfen da ke bakin rumfar aƙalla sau ɗaya a mako. Shi kuma bututun, ƙa'idar masu wannan aiki ita ce duk wata 3 ga kicin mai aiki awa 12 zuwa 16 a rana, duk wata 6 ga mai matsakaicin aiki, sau ɗaya a shekara ga mai ƙaramin aiki.

Na uku gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata ko matakala ya taru a rami. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama kusan lita 250 ta iska, kuma kashi 2 cikin 100 kacal a iskar ɗaki ya isa ya fashe idan ya sami tartsatsi, ko da na makunnin fitila ne ko na firji. Shi ya sa tukwanen kilo 50 wurinsu waje ne, a tsaye, a cikin keji mai shan iska da inuwa, nesa da janareta da bakin kwata, da famfon rufewa guda ɗaya da kowane mai girki ya san inda yake. Ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin 100, domin ruwan yana kumbura idan ya ji zafin rana. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma shekarar ƙira tana buge a jikinta. Tiyo da regileta ana gwada su da ruwan sabulu: inda ya yi kumfa, nan ke yoyo. Tiyon da ya tsattsage ko aka ɗaure shi da waya ko ƙyallen roba a canza shi a ranar. Idan aka shiga kicin da asuba aka ji warin gas, ba a taɓa makunni, na kunnawa ko na kashewa. A rufe famfon waje, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fita.

Wutar lantarki, janareta da inbata

Yawancin gidajen saukar baƙi na garuruwanmu gidajen zama ne aka mayar. Wayarin da aka yi wa iyali ɗaya sai ga shi yana ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki 12 da hitar wanka 12. Wayar fitila milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuwa kowacce tana son layinta da birekarta, galibi da waya mai milimita 4. Soket mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne. Butar dafa ruwa kaɗai tana cin kusan 2,000, idan aka haɗa ta da dutsen guga a kan ekstenshan ɗaya an riga an wuce iyaka. Ga kuma jabun waya da ke yawo a kasuwa, wadda aka yi da alminiyom aka shafa mata jan ƙarfe a sama.

Abin da ya fi tayar da wuta ba ya faɗar da bireka ma. Sako-sakon haɗi ne: dunƙulen waya da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif a cikin silin, ko kusar soket da ta saki. Wurin yana ɗumi a hankali tsawon watanni, robar ta ƙone, katakon rufi ya bushe ya yi baƙi. Alamominsa soket mai ɗumi ko mai baƙin tabo, warin roba, da fitila mai ƙifta ido. Birekar da ke yawan faɗuwa magana take yi, kuma mai gyaran da ya sauya ta da babba don ta daina damun baƙi ya cire abin da ke kare ginin ne.

Ɗaukewa da dawowar wutar Nepa suna ƙara wani haɗarin. Baƙo ya jona hita ko dutsen guga, aka ɗauke wuta, ya manta ya fita, aka kawo. Janareta kuma ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, musamman na fetur, wanda tururinsa ke kamawa ko a tsananin sanyi. Jarkokin mai ba su kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma bakin salansarsa ya kalli nesa da tagogin baƙi, domin hayaƙinsa kaɗai yana kisa ko babu gobara.

Sabon abin da ya shigo shi ne ɗakin inbata da batura. Saboda tsoron ɓarayi, wurin da aka fi ajiye su shi ne ƙarƙashin matakala, wato daidai kan hanyar da kowa zai bi ya fita. Batirin ruwa yana fitar da iskar haidirojin mai saurin kama wuta idan yana caji, na litiyam kuma idan ya lalace yana ƙara wa kansa zafi, yana da wuyar kashewa, yana iya sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu. Ɗakinsu daban ya kamata, mai shan iska, mai ƙofar da ke rufe, da na'urar gano hayaƙi.

A ɗakin baƙo kuwa akwai abin da ya zama namu: kaskon turaren wuta na ayarin amarya a kan kafet kusa da labule, gawayin shisha, da maganin sauro na kunnawa a gefen katifa. Haɗarin yana ƙaruwa a hunturu, lokacin da komai ya bushe kuma kowa ke neman ruwan zafi. A ɗakin wanki ma, tawul ɗin kicin da ya sha mai, idan aka fito da shi daga injin busarwa da zafinsa aka tara a kwando, yana iya kamawa da kansa cikin dare.

Ƙararrawa, ƙofa da matakala

Tun da ba za a iya kawar da duk waɗannan ba, aikin da ya rage shi ne samar wa mai barci lokaci.

Na'urar gano hayaƙi tana son kasancewa a kowane ɗakin kwana, da baranda, da saman matakala, da sito, da ɗakin wanki, kuma a haɗe suke da juna ta yadda idan ɗaya ta ji, ginin duka zai ɗauka. Wadda ke ƙara ita kaɗai a ɗakin da babu kowa ba ta tashi wanda ke hawa na uku. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya da Amurka ita ce ƙarar ta kai desibel 75, a ma'aunin ƙarfin sauti, a daidai matashin kai, ƙofa a rufe. A kicin na'urar gano zafi ake sakawa, domin ta hayaƙi za ta riƙa kuka a kan kowace suya. Wannan kukan banza shi ne ke kashe tsarin a wurare da yawa: turare ya tayar da ƙararrawa sau biyu, baƙi suka yi ƙorafi, sai a ɗaure wa na'urar baƙar leda a ka ko a zare batirinta. Duk wanda ya ɗaga kai a ɗakin otal ya ga leda a silin, ya san ɗakin ba shi da mai tashinsa. Gyaran shi ne a hana kunna garwashi a ɗakuna, a ware wa masu turare wuri a waje, a riƙa gwada ƙararrawa duk mako.

Ƙofa ita ce abin da aka fi raina wa. Ƙofar da aka ƙera don tare wuta tana riƙe ta minti 30, amma ko ta katako mai kauri, idan a rufe take, tana rage hayaƙin da ke fita baranda ƙwarai. Matsalar ita ce wanda ya gudu daga ɗakin da ke ci ba ya tsayawa jan ƙofa. Don haka ake sa wa ƙofofin ɗakuna da na bakin matakala hannun ƙarfe mai mayar da su da kansu. Mai shara da ya tokare ƙofar matakala da dutse ko bokiti don iska ta shiga ya mayar da matakalar bututun hayaƙi.

Kowane hawa yana buƙatar hanyoyin sauka biyu a kusurwoyi daban, ta yadda idan hayaƙi ya tare ɗaya za a juya zuwa ɗayar. Matakala ba sito ba ce, tsofaffin katifu da kujerun biki ba su da wuri a ƙarƙashinta. Tana buƙatar fitilun gaggawa masu batir, domin wutar lantarki ce ke fara ɗaukewa. A Birtaniya ana son su yi awa 3 a wurin da mutane ke kwana.

Mafi ƙarfin kariya ita ce na'urar yayyafin ruwa da ake jerawa a silin. Masu otal da yawa suna tsoron za ta jiƙa ginin duka, alhali kowane kai yana da 'yar kwalbarsa da ke fashewa idan zafi ya kai digiri 68, kuma wanda ke saman wutar ne kawai ke buɗewa. Tana da tsada, tana son tanki da famfo mai injinsa na kansa. Ga bene mai tsawo dai babu abin da ke maye gurbinta. A sashen da gobarar MGM Grand ta tashi babu ita, kuma a 1990 Amurka ta yi dokar da ta sa ma'aikatan gwamnatin tarayya su riƙa sauka a otal-otal masu na'urar gano hayaƙi, da na'urar yayyafi idan ginin ya wuce hawa 3.

Tsaro ko hanyar fita?

A nan ne ake samun saɓani na gaske, kuma mai otal yana da hujja. Yana tsoron ɓarayi da masu garkuwa da mutane, yana tsoron baƙon da zai sulale ta baya bai biya ba, ko ma'aikacin da zai fitar da kaya. Sai ya sa wa ƙofar baya sarƙa da kwaɗo, ya kafe kowace taga da bogilari, makullin kuma yana aljihun manajan da ya tafi gida ƙarfe 9.

Tsoron gaskiya ne, amma maganin da aka zaɓa yana mayar da ginin keji. Akwai ƙofar da ake sa wa sandar ƙarfe a kwance ta ciki: daga waje ba ta buɗuwa, daga ciki kuwa ko jingina aka yi da ita ta buɗe. Ana haɗa ta da ƙaramar jiniya, duk wanda ya buɗe maigadi zai ji. Bogilari ma ana iya yi masa ƙyaure mai sakata ta ciki, aƙalla a taga ɗaya a kowane ɗaki da ƙarshen kowace baranda. Maƙerin walda na unguwa zai iya wannan aikin. Kwaɗon da sai an nemo makulli cikin duhu da hayaƙi ba shi da wuri a kan hanyar fita, komai dalilin sa shi.

Zauren biki da lissafin ƙofa

A zaure kowa a farke yake, amma yawan jama'a ne matsalar. Ranar 26 ga Satumba 2023, a garin Hamdaniya na lardin Nainawa a Iraƙi, ango da amarya suna rawa aka kunna tartsatsin wuta na ado a cikin zaure. Ya kama kayan adon silin, rufin ya fara zubowa da wuta, mutum sama da 100 suka rasu. Irin wannan ado na yadi da furen roba da ke lulluɓe silin, da injin tartsatsi a lokacin shigowar amarya, yanzu ruwan dare ne a wuraren dina na manyan garuruwanmu. Masu injin suna cewa tartsatsin mai sanyi ne. Garin ƙarfe ne mai ƙonewa, kuma bai kamata ya kusanci yadi ko busasshen fure ba.

Faɗin ƙofa lissafi ne. A ƙa'idar gini ta Ingila, ƙofa mai faɗin santimita 75 tana ɗaukar mutum 60, mai 85 mutum 110, mai 105 mutum 220, daga nan kuma milimita 5 ga kowane mutum. Sannan ana cire ƙofar da ta fi girma daga lissafin, a ɗauka wuta ta tare ta. Zauren mutum 500 ke nan yana buƙatar mita 2.5 na hanyar fita bayan an cire babbar ƙofa, misali ƙofofi 3 masu santimita 125 kowacce. Duka su buɗe zuwa waje. A gidan rawa na Cocoanut Grove da ke Boston, a 1942, mutum 492 suka mutu, da yawa a bakin ƙofa mai juyawa da ta cije da wasu ƙofofin da aka kulle ko suke buɗewa ciki. Mai zaure da ya bar masu ado suka rufe ƙofar gefe da labule, ko masu abinci suka jera kuloli a gabanta, ya rage ƙofofinsa da hannunsa.

To ita tukunyar kashe gobarar fa?

Tana da amfani a minti na farko, a kan wutar da ba ta fi kwandon shara girma ba. Tukunyar hoda mai kilo 6 ko 9 tana ƙarewa cikin daƙiƙa 15 zuwa 20. Ana zare fil, a nufi gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗa bakin dama da hagu, kuma ƙofar fita ta kasance a bayan mai feshin. Mai baƙin ƙaho ta iskar kabon dayoksaid ce, ta dace da kayan lantarki, ba ta da agogo, sai an auna nauyinta ake sanin ko da saura, kuma ƙahonta yana sanyi har ya ƙone hannu. Ta hoda tana da agogo, allurar ta tsaya a kore. Ana duba su duk wata, ƙwararre ya yi musu sabis duk shekara, a rataye su inda hannu zai kai, kuma kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 30 kafin ya sami ɗaya. Idan tukunya ɗaya ta ƙare wutar ba ta mutu ba, a ja ƙofa a fita.

Wa ke da alhakin dubawa?

Bayan gobarar Kartalkaya, ma'aikatar yawon buɗe ido ta Turkiyya da hukumar birnin Bolu sun yi ta jifan juna da laifi kan wanda ya kamata ya duba otal ɗin. Najeriya ma aikin a rarrabe yake. Akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, da dokarta ta 1963, kowace jiha kuma tana da tata. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, amma amincewa da zanen gini yana hannun hukumomin tsara birane na jihohi. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Tun dokar inshora ta 2003 kuma aka wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga.

Masu otal suna kukan cewa jami'ai da yawa ke zuwa, kowa da rasit ɗinsa, ga kuɗin dizal ya cinye riba. Ma'aikatan kashe gobara suna kukan ƙarancin motoci da ruwa, da kiran da ke zuwa a makare, da titin da aka toshe. Duka biyun suna da gaskiya, kuma duka biyun suna nuna abu ɗaya: takardar shaida ba ta da daraja idan wanda ya sa mata hannu bai hau bene ya tura ƙofar baya ya danna ƙararrawa ba. Motar da ta ɗauko lita 5,000, idan tana fesa 500 a minti, aikin minti 10 ke gare ta. Otal mai rijiyar burtsatse ko tankin ƙasa ko wurin ninƙaya ya tanadi yadda mota za ta kai gare su, kuma kada motocin baƙi su toshe get.

Ma'aikacin dare da baƙon da ke ɗaki

Jinkirin da ya fi tsada shi ne na ma'aikacin da ya ga hayaƙi ya fara neman manaja a waya, saboda tsoron kada ya tashi baƙi a banza a kore shi. Mai otal ne kaɗai zai iya cire masa wannan tsoro, ta hanyar gaya masa a fili cewa ƙararrawa ce farko, sai kiran 'yan kwana-kwana, 112 a Najeriya ko 18 a Nijar, tare da lambar ofishinsu mafi kusa a manne a bango. Daga nan a rufe gas, a bi ɗakuna ana bugawa, a fito da rajistar baƙi wurin taruwa don a san wanda bai fito ba, har da ma'aikatan da ke kwana a sito ko bayan kicin waɗanda sunansu ba ya cikin kowace rajista. A san ɗakin da tsoho ko mai lalurar tafiya ko kurma yake tun lokacin ba shi makulli. Atisaye sau biyu a shekara, kuma ɗaya da ma'aikatan dare.

Shi kuma baƙo, minti biyu sun ishe shi bayan ya ajiye jaka: ya nemo matakala ta biyu, ya tura ƙofarta ya ga ko tana buɗuwa, ya ƙirga ƙofofin da ke tsakaninta da ɗakinsa, domin a cikin hayaƙi da lalube zai tafi. Makulli da waya su kwana kusa da gado. Idan ƙararrawa ta yi, ya taɓa ƙofa da bayan hannu. In babu zafi, ya buɗe kaɗan, ya fita da makullinsa ko zai buƙaci komawa, ya ja ƙofar, ya sunkuya ƙasa inda iska ta fi kyau, ya bi matakala ya bar lif. In da zafi ko baranda ta cika da hayaƙi, zama a ɗakin ya fi: ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya jiƙa tawul da zanen gado ya toshe ƙasan ƙofa da ramukan iska, ya tara ruwa a baho ko bokiti, ya rataya farin zane a taga. Taga ana buɗe ta kaɗan ne, ba a fasa ta, domin in hayaƙin waje ya fara shigowa za a so a rufe. Sannan ya kira 'yan kwana-kwana da kansa, ya faɗi sunan otal, da hawan da yake, da lambar ɗaki, da yawan mutanen da ke tare da shi.